Ɗakin Ƙwarin Yaya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Yuli, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata a babban asibitin garinmu, bayan jinyar da ba ta kai mako ba. Shi Ya ba mu ita, Shi kuma Ya karɓi abinSa, mu ma can muka nufa. Likitoci sun ce hawan jini ne, mu kuwa mun san kwana ne ya ƙare. Ta bar miji da 'ya'ya uku, da mahaifiyarmu, da ni ƙanenta, da wasu mata manoma na bakin rafi waɗanda har yau in na haɗu da su sai in rasa inda zan sa idona.

Yaya, kin san da allura na saba, alƙalami baƙona ne. Amma tun da aka kai ki makwancinki mutane ke ta yabonki da kalmomin da za su dace da kowane mamaci: mai haƙuri ce, mai zumunci ce, ba ta da abokin faɗa. Zumuncin gaskiya ne. Haƙurin kuwa ba kullum kike da shi ba, ni shaida ne, abokan faɗa ma kina da su har da ragowa. Shi ya sa na ce bari in faɗi ke ɗin da na sani.

Malamar gona ce ke a ofishin gona na yankinmu. Manoma suna kiranki Uwar Ƙwari, da farko don tsokana, daga baya kuma sunan ya zama na girma, har ke ma kina amsawa. Kin rasu a lokacin da masarar matan bakin rafi ta kai gwiwa, a makon da suke jiran ki kai musu abin da zai kare ta daga tsutsa. Wannan masara ita ce abincin gidajensu na shekara. Labarinta da naki sun haɗe mini, ba na iya ba da ɗaya in bar ɗaya.

Tun muna yara ke ce uwata ta biyu. Da mahaifinmu ya rasu, ke kike kama hannuna zuwa makaranta, kuma kullum sai mun makara, domin ba kya iya wuce shuka ba ki juya ganyenta kin leƙa bayansa ba. Ni aka fi duka saboda lattin, don ke kin iya tsara magana. Ranar da na bar karatu na kama koyon ɗinki, dangi suka yi mini caa, kowa da irin tasa. Ke ma kin yi mini faɗan da har yau ban manta ba. Amma bayan wata guda sai ga ki a shagon maigidana da yadinki mafi kyau, kika ce ni kaɗai kike so in ɗinka miki. Na ɗinka kuwa. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wuyan ya karkace. Kika sa rigar nan kina zuwa ofis da ita shekara guda cur, duk wanda ya tambaya sai ki ce sabon yayi ne, bai iso unguwarsu ba tukuna. Da wannan rigar kika hana ni barin sana'ar da nake ci da iyalina yau.

Shekarun baya kaɗan wata tsutsa ta bayyana a gonakin masara, wadda tsofaffin manoma suka rantse ba su taɓa ganin irinta ba. Uwarta wani ƙwaro ne mai fiffike launin toka, dangin asu, wanda ke saka ƙwai a jikin ganye. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su kankare ganyen har ya zama ana hango haske ta cikinsa, sannan su gangara cikin zuciyar masarar, inda sabon ganye ke fitowa, su zauna can suna ci. Abin da manomi zai gani kawai shi ne ɓuraguzai kamar garin katako a bakin zuciyar, da ganye mai huji-huji. Kafin ya farga an gama da shi. Aka yi ta feshi. Maganin ya bi saman ganye, tsutsar tana can ciki a ɓoye. Sai mutane suka fara haɗa magani biyu da uku a bokiti ɗaya, kowa ya zama likita.

A cikin matan bakin rafi akwai wadda ake kira Uwar Tagwaye, mijinta ya rasu ya bar mata gona da yara, ita ce kuma babbarsu. Ba ta da famfon feshi, don haka sai ta dama maganin a roba tana tsoma tsintsiya tana yayyafawa. Fatar hannunta ta saluɓe, masarar kuma ba ta tsira ba. Ran da kika ga hannun nan, daga gona kai tsaye shagona kika zo, takalminki duk laka. Kika zauna a kan bencin masu jiran ɗinki kina ta faɗa, da masu sayar da maganin da ba sa faɗa wa mutum yadda zai yi da shi, da ofis ɗinku, da ni da ban san hawa ba ban san sauka ba. Da faɗan ya ƙare sai kika yi kuka. Ban taɓa ganin hawayenki a kan wanda ba danginmu ba sai ranar.

A shekarar aka tura ki kwas wata cibiyar bincike mai nisa. Kika dawo da kwalba ɗaya a cikin jaka, kin naɗe ta da ɗankwali, ba ki yarda an sa ta a bayan mota ba. Na leƙa ban ga komai ba. Kika ce in ƙara dubawa. Sai na ga wasu ɗigo-ɗigo suna motsi a jikin gilashin, waɗanda in suka sauka a farar riga za ka ɗauka ƙura ce. Kika ce rina ce, amma ba ta harbin mutum. Aikinta ta nemo ƙwan uwar tsutsa ta saka nata ƙwan a cikinsa. Ƙwan sai ya yi baƙi, maimakon tsutsa ta fito sai wata rinar ta fito.

Na ce, “To Yaya, ƙwaro za ki haɗa faɗa da ƙwaro ke nan?”

Kika ce, “Da ma can suna faɗansu. Mu ne muke shiga tsakani da feshi muna kashe wanda ke bayanmu.”

Kiwon rinar nan aiki ne na mai taurin kai, shi ya sa ya dace da ke. Sai an sama mata ƙwai kullum, don haka kike kiwon asu a bokitan dusa. Asun ya yi ƙwai, ki share su da lallausan buroshi, ki tankaɗe, ki shafa gam a ƙananan kwalaye ki barbaɗa, ki sa kwalayen a kwalabe tare da rinar. Abincinta zuma ce, ɗan layi siriri da kike ja a jikin kwalba da bakin allura, domin in ta yi yawa sai su maƙale su mutu. In ƙwan da ke jikin kwali ya yi baƙi, kwalin ya isa kaiwa gona.

A ofis kika fara. Suka ba ki wani ɗaki da ke bango ɗaya da siton da ake ajiye jarkokin maganin feshi. Wata safiya kika tarar da rabin kwalabenki shiru, warin da ke bi ta saman rufi ya gama da su. Kika nemi wani ɗakin, aka ce za a duba. Kika nemi a ba ki mataimaki da za ki koya wa aikin, aka ce za a duba. Har kika koma ga Allah ana dubawa. Wannan yana cikin abubuwan da ke cin raina, kuma ba zan ɓoye ba: da an ba ki mutum ɗaya tak, da yau ba wannan labarin nake bayarwa ba.

Sai kika kwashe abin da ya rage kika kai gida, ɗakin baya da kuke ajiye tarkace. Mijinki, malamin lissafi, mutumin da bai san ƙwaro ba sai wanda ya cije shi, shi ya buga miki katakan jera kwalabe da hannunsa. Ni kuma aka ɗora mini ɗinkin murafan bokitai, farin yadi mai shara-shara da roba a baki. Na farko da na kawo kika ɗaga shi sama kika duba a hasken taga, kika ce ɗinkin ya yi faɗi, asu zai fita. Na ce ni riguna nake ɗinka wa mutane masu daraja. Kika ce masu darajar ba sa fita ta gefen ɗinki, waɗannan kuwa suna fita. Na koma na sake.

Gidanki ya zama gida mai doka. Ba a fesa maganin sauro, ba a kunna na hayaƙi, mai turare ba ya wuce ƙofar ɗakin baya. Kowa ya kwana a gidan sauro, har baƙo. Ina tsokanar mijinki ina cewa shi kaɗai ne magidancin da sauro ke da takardar zama a gidansa. Sai ya yi murmushi ya ce ai shi ma a kan takardar yake zaune.

Ranar farko da kika kai kwalayen bakin rafi na raka ki, don ni na riƙe kwandon. Matan suka taru a gindin bishiya. Da kika ɗaga kwali ɗaya, bai fi faɗin yatsu biyu ba, kika ce shi ne zai yi musu maganin tsutsa, dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Wata ta ce, “Malama, in laya ce ki faɗa mana, mu ma mun san hanyar masu yi.” Ba ki ji haushi ba. Kika durƙusa a ƙasa, kika fito da ɗan madubin nan naki mai ƙara girman abu, kika sa kowace ta zo ta duba da idonta, ɗaya bayan ɗaya, har rana ta take. Haka kike aiki. Ba kya cewa a yarda da ke, sai dai a zo a gani. Sharaɗinki ɗaya ne, duk wadda ta karɓi kwali ta ajiye feshi. Uwar Tagwaye ce ta fara miƙo hannu, tabon maganin yana nan a jikinsa. Ta ce ita ba abin da ya rage mata da za ta yi asara.

Ba zan ce tsutsa ta ƙare a shekarar ba, ke ma ba ki taɓa yi musu wannan alkawarin ba. Amma gonakin da aka rataya wa kwali a kan lokaci, tun kafin ƙwai ya ƙyanƙyashe, sun yi goyo, aka cire masara. Shekara ta zagayo, waɗanda suka yi dariya suka riga kowa zuwa. Daga nan ya zama duk damina in masara ta doshi gwiwa, sai ki ɗaure kwando a bayan babur ki bi su gona-gona, ba ki taɓa aikawa ba. Kin san gonar kowa, kin san wadda ɗanta ba shi da lafiya, kin san wadda ke ɓoye kwalbar feshi a bayan rumbu tana rantse miki da ba ta yi ba. Irin wannan sai ki tsinko ganye ki shinshina, ki miƙa mata ki ce ita ma ta shinshina.

Bana tsutsar ta zo da wuri, ta kuma zo da yawa. Kika ninka bokitai, kika cika katakan da kwalaye, kina cewa bana ce jarrabawar gaske. Kin daɗe kina fama da ciwon kai kina shan magani a tsaye. Mijinki ya yi magana, na yi magana, kika ce in an rataya kwalaye za ki je asibiti ki kwanta har sai sun kore ki. A bakin ƙofar ɗakin bayan kika faɗi, da buroshi a hannunki. A asibiti bakinki ya yi nauyi, amma kin yi ta nuna wa mijinki yatsa kina jan layi a iska, har ya gane zuma kike nufi. Kowace safiya sai ya je gida ya ja wa rinar layin, ya dawo ya ce miki an ba su. Bokitan asun kuwa bai san yadda ake yi da su ba, wasu murafan suka saki, asu ya fita ya cika ɗakin. Ya ce ba komai, in kin tashi kya gyara. Kwalayen dai suna nan a jere, ƙwan ya fara baƙi.

Yanzu na zo inda alƙalamin ke yi mini nauyi. Na nemi izinin Inna kafin in rubuta, ta ce in rubuta, wataƙila wani ya ji ya kiyaye.

Inna a gidana take zaune, ba ta cika kwana gidanki ba, kuma ba ta taɓa taka ɗakin bayan ba. Abin da ta sani game da aikinki shi ne 'yarta tana yaƙi da ƙwarin da ke cinye wa mutane abinci, da wannan take alfahari a cikin tsararrakinta. Duk sanda kika fara yi mata bayanin rina da asu sai ta ɗaga hannu ta ce, “Ni dai a wanke hannu kafin a taɓa mini kwano.” Ku yi dariya a bar maganar. Dokar maganin sauro kuwa ta ɗauke ta a cikin fi'ilin 'yan boko.

Ranar da kika rasu, mu maza muka tafi kai ki. Mata suka cika tsakar gida, sai hadari ya haɗo, aka fara yayyafi, ga baƙi na ta shigowa ba wurin zama. Wata ta ce ai akwai ɗaki a baya. Inna ta tashi ta tura ƙofar. Abin da ta gani shi ne asu yana shawagi, bango ya yi baƙi da shi, ga bokitai da tsutsotsi a cikin dusa, ga wari. Matan da ke wurin sun faɗa mini abin da ta ce, tana share hawaye da gefen mayafi:

“Yarinyar nan ta ƙare rayuwarta tana yaƙi da ƙwari. Ba zan bari su cinye mata ɗaki tun ba ta kwana a kabari ba.”

Ta aika kantin bakin titi aka sayo gwangwanayen maganin sauro. Ta rufe tagogi da kanta, ta fesa lungu da saƙo, ta buɗe kwalabe ta fesa a ciki, ta ja ƙofa. Da abin ya lafa ta sa aka fitar da bokitai aka zubar, aka share kwalayen aka kai bola, aka wanke ƙasa, aka shimfiɗa tabarmi. Tsohuwar da ba ta iya ɗaukar butar alwala sai an miƙa mata, ita ta tsaya a kan aikin nan har aka gama. Wannan ne abu na ƙarshe da take ganin za ta iya yi miki.

Da muka dawo, warin maganin ne ya tare mu tun daga ƙofar gida. Mijinki ya tsaya cak. Ya wuce ta cikin mata bai ga kowa ba, ya leƙa ɗakin, ya ga tabarmi da baƙi a zaune, katakan da ya buga ba komai a kansu. Inna ta ɗago ta dube shi ta ce, “Na gyara mata.” Ina kusa da shi, ya durƙusa ya ce, “Allah Ya saka da alheri, Inna.” Ya fita waje, ni ma na bi shi, muka tsaya a cikin ruwan. Ban san mutum zai iya yin rashi biyu a yini ɗaya ya kuma yi godiya a kan na biyun ba, sai a wurin mijinki.

Mun yi abin da za mu iya. Ya tono kwalayen daga bola, sun jiƙe da ruwa da magani. Ya buga waya cibiyar da ta ba ki irin, suka yi ta'aziyya, suka ce za su taimaka, amma kafin a tara yawan da zai isa gonaki sai an yi watanni, masara kuwa ba ta jiran kowa. Muka yi shawara kada a faɗa wa Inna. Rashin sani ya fi dare duhu, amma mun ga a wannan karon duhun ya fi mata sauƙi.

Bayan 'yan kwanaki matan bakin rafi suka zo gaisuwa, a ƙafa, su da yawa. Suka zauna a ɗakin bayan nan, don nan ne wurin baƙi yanzu. Suka yi addu'a, suka yi kuka. Ba wadda ta ce komai game da kwali, kunya ta hana, amma na ga idanunsu suna bin katakan. Da za su tafi na raka su ƙofa, sai Uwar Tagwaye ta ja baya ta rage murya.

“Ƙanen Malama, ka yi haƙuri, ba lokacin maganar ba ne. Amma mun fara ganin ƙwai a bayan ganye. Ko ta bar mana wani abu?”

Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Na faɗa mata yadda aka yi, a taƙaice. Ta dubi ƙasa ta ce, “Allah Sarki. Uwa ce.” Da na juyo sai na ga Inna a tsaye a bayan ƙyaure, ta biyo su da ragowar abincin da ta ƙulle musu a leda.

Ba ta yi kuka ba. Ta miƙa mini ledar ta koma ciki. Ranar ba ta ci komai ba, washegari ma haka. Da na matsa mata sai ta ce in zauna in faɗa mata aikin da waɗannan ƙananan suke yi, daga farko, kada in tsallake. Bayanin da ta ƙi saurara daga bakinki shekara da shekaru, shi ta zauna ta saurara daga bakin tela, rabinsa ma ban iya ba. Da na gama ta ce, “Wato ma'aikatanta ne.” Na ce haka ne. Ta ce, “To, gobe ka kai ni.”

Na ɗauka gaisuwa za ta je yi. Da muka isa bakin rafi, tsutsar ta riga ta shiga zuciyar masara, ganye duk huji. Wasu matan sun koma feshi, waɗanda suka samu, wasu suna zuba toka da yashi a zuciyar, wasu suna cirewa da hannu. Inna ta tambayi gonar Uwar Tagwaye, ta fito da gwangwanin madara daga cikin mayafinta, ta ce a nuna mata yadda ake cirewa. Uwar Tagwaye ta riƙe hannunta tana roƙonta ta zauna a inuwa, ta ce wallahi ba wadda ta riƙe ta a zuciya. Inna ta zare hannunta.

“Ni na kashe masu aikin,” in ji ta. “Sai in yi aikin.”

Yaya, Innar da ba ta yarda ki taɓa mata kwano ba, ita ce ta sunkuya tana buɗe zuciyar masara da yatsunta, tana zaro tsutsa tana jefawa a gwangwani. Idonta ba ya gani sosai, sai ta laluba. Gwiwoyinta ba sa ɗaukarta, in ta yi 'yan shuke-shuke sai ta dafa ƙugu ta huta. Tun daga ranar kullum da safe kafin in buɗe shago sai na kai ta, in rana ta yi zafi in je in ɗauko ta. Na yi faɗa, mijinki ya yi roƙo, jikokinta sun ɓoye gwangwanin, ta samo wani. Gonar da rinarki za ta gama da ita ba wanda ya ga motsinta, Inna ba ta kai ko kwatarta ba, kuma kunyar masarar da ta tsince jiya in ta waiwaya yau sai ta tarar wasu sun shiga. Uwar Tagwaye ta faɗa mini a gefe cewa in an sami rabin abin da aka saba, an gode Allah. Sauran matan wasunsu ko rabin ba za su gani ba. Kowa a bakin rafin ya san haka, ita ma Inna na tabbata ta sani.

Jiya da na ɗauko ta, muna tafe a hankali saboda ramuka, sai na ji ta jingina goshinta a bayana. Ta ce, “Kai da ka san halinta, in da tana nan, faɗa za ta yi mini ko?” Na ce sosai ma, Inna, har maƙwabta sai sun ji. Sai ta ce, “Da na so in ji faɗan.”

Allah Ya jiƙan ki, Yaya. Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa duk ƙwayar masarar da ta shiga bakin maraya ta dalilinki ta zame miki nauyi a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, mutumin kirki, da 'ya'yanki uku, da abokan aikinki, da matan bakin rafi waɗanda rashinki ya shiga har cikin rumbunsu. Allah Ya ba su mafita daga inda ba su zata ba. Ita kuwa Inna, duk wanda ya karanta wannan ina roƙonsa ya sa ta a addu'a, Allah Ya sanyaya mata zuciya, Ya sauke mata abin da ta ɗora wa kanta. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.